David Marr (1945–1980): Masanin da Ya Sauya Tambayar da Ake Yi wa Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawu ya ji labarin bambancin da Noam Chomsky ya kawo a 1965, tsakanin sanin harshe da ke cikin kan mai magana da kuma yadda yake sarrafa wannan sani idan ya buɗe baki. Kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa wani matashi ɗan Ingila, wanda fagensa lissafi ne da binciken ƙwaƙwalwa, ya ga a cikin wannan bambanci irin abin da fagensa ya rasa. Sunansa David Marr. Ya rasu yana da shekara 35, amma ana lissafa shi cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin da ke nazarin ƙwaƙwalwa ta hanyar lissafi da kwamfuta. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa, musamman shekarun da suka biyo bayan aikinsa na digirin dokta, domin a cikinsu ne ya ajiye hanyar da ta ɗaukaka sunansa, ya kama wata.

Haihuwa da karatu

An haifi David Courtenay Marr ranar 19 ga Janairu 1945 a Woodford, cikin yankin Essex na ƙasar Ingila. Ya yi karatun sakandare a makarantar Rugby, daga nan ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij a 1963. Ya kammala digirinsa na farko a fannin lissafi a 1966. Maimakon ya zarce da lissafi zalla, sai hankalinsa ya karkata ga ƙwaƙwalwa. Ya duƙufa wajen karanta abin da masana ƙirar jiki suka rubuta game da ita, ya kuma fara aikin digirin dokta a ƙarƙashin kulawar Giles Brindley, masanin aikin ido da jijiyoyi.

A 1968 Kwalejin Trinity ta zaɓe shi cikin matasan masu bincike da take ɗaukar nauyinsu. Irin wannan gurbi yana ba matashi albashi da masauki, ya kuma sauke masa nauyin koyarwa, domin ya sami sararin bin tambayar da ke damunsa. Marr yana da shekara 23 a lokacin, kuma cikin shekara uku da suka biyo baya ya fitar da manyan maƙaloli uku, kowace a kan wani sashe na ƙwaƙwalwa.

Ƙaramar ƙwaƙwalwa da koyon motsi

Maƙalar farko ta fito a 1969, a kan ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda masana ke kira serebelum. Ƙanƙanta ce a ido, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiya kusan miliyar 86 da ke cikin kan ɗan Adam a cikinta suke. An daɗe da sanin cewa idan ta sami rauni mutum yakan yi tangaɗi, hannunsa ya riƙa kuskure abin da ya kai wa. A 1967 John Eccles da Masao Ito da János Szentágothai suka wallafa littafi da ya bayyana saƙar jijiyoyinta dalla-dalla. Abin da ya rage shi ne a faɗi amfanin wannan saƙa.

A cikin ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa akwai wasu manyan ƙwayoyi masu rassa kamar bishiya, waɗanda ake kira ƙwayoyin Purkinje. Kowace ɗaya tana karɓar saƙo ta hanya biyu. Ta hanyar farko, siraran zaruruwa da yawansu kan kai 200,000 suna ratsa rassanta, kowane da ɗan raunanan saƙonsa. Ta hanya ta biyu, zare guda tak ne yake hawa jikinta ya nannaɗe ta kamar yadda kabewa ke bin danga, kuma idan ya yi magana dole ta amsa. Marr ya ce siraran zaruruwan suna kawo labarin halin da jiki yake ciki a wannan lokaci, shi kuwa zare mai hawa malami ne. Duk sa'ad da saƙonsa ya zo tare da na wasu siraran zaruruwa, sai mahaɗarsu da ƙwayar ta sauya, har wata rana ƙwayar ta iya gane wannan hali ta aikata abin da ya dace ba tare da malamin ba. Yarinyar da ke koyon lugude takan lura da kowane ɗaga taɓarya, ta ƙirga lokacin abokiyar dakanta. Bayan wata biyu tana daka tana hira. Ra'ayin Marr bayani ne na yadda aikin yake sauka daga tunani ya koma hannu.

A 1971 wani injiniya ɗan Amurka, James Albus, ya zo da ra'ayi mai kama da wannan ba tare da sun haɗa kai ba. Inda suka saɓa shi ne Marr ya yi hasashen mahaɗar za ta ƙara ƙarfi, Albus kuma ya ce raguwa za ta yi. A 1982, shekara biyu bayan rasuwar Marr, Masao Ito da abokan aikinsa a Japan suka gwada a jikin zomo, suka tarar mahaɗar tana sauyawa kamar yadda aka yi hasashe, amma ta fuskar raguwa. Ke nan Marr ya dace a kan tushen magana, ya yi kuskure a kan alkiblarta. Darajar maƙalar tasa ita ce ta faɗi abin da za a iya gwadawa a ƙaryata.

Maƙala ta biyu, ta 1970, ta shafi ɓawon babbar ƙwaƙwalwa da yadda yake rarraba abubuwa aji-aji. Ta uku, ta 1971, ta shafi wani lanƙwasasshen sashe mai suna hipokampus. Marr ya ɗauke shi a matsayin rumbun wucin gadi da ke ajiye abubuwan da suka faru da rana, wanda kuma ke iya dawo da cikakken abu daga ɗan guntunsa, kafin a kwashe ajiyar zuwa babbar ƙwaƙwalwa lokacin barci. Har yau masu nazarin tunawa suna komawa ga wannan maƙala.

Shekarun juyawa

Matashin da ya yi irin wannan aiki kafin ya cika shekara 27 yana iya zama a kansa har ya tsufa. Marr bai gamsu ba. Ya yi aiki na wani lokaci a ɗakin binciken ilimin halittu na Kambirij inda Sydney Brenner da Francis Crick suke. A lokacin Brenner ya sa gaba wajen zana taswirar jijiyoyin wata ƴar mitsitsiyar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal. Taswirar ta kammala a 1986, kuma ko da aka same ta, ba ta wadatar wajen bayyana duk halayen tsutsar ba. Irin wannan giɓi ne ya fara damun Marr tun kafin nan.

Fagen nazarin gani ma yana cikin irin wannan hali. Tun daga 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suke sa siririn ƙarfe a ƙwaƙwalwar kyanwa suna sauraron ƙwaya ɗaya-ɗaya, suka gano ƙwayoyin da ba sa motsi sai an nuna wa ido layi mai wata karkata ta musamman. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1981. Marr ya yaba da shi, amma ya lura cewa bayanin abin da ƙwaya take yi bai faɗi dalilin da ya sa ake bukatar a yi shi ba, bai kuma nuna yadda za a tashi daga layuka a kai ga gane fuskar mutum ba. Ya kwatanta mai son fahimtar gani ta hanyar duba ƙwayoyin jijiya kaɗai da mai son fahimtar tashin tsuntsu ta hanyar duba gashinsa. Sai an san yadda iska ke ɗaukar fiffike kafin siffar gashin ta yi ma'ana.

A 1973 Marvin Minsky da Seymour Papert suka gayyace shi ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, a Amurka. A nan mutane suke ƙoƙarin koya wa kwamfuta gani, kuma sun riga sun sha mamaki. A 1966 Papert ya tsara wa ɗalibai aikin hutu na ƴan watanni da nufin su gina babban ɓangare na na'ura mai gani, sai aka tarar abin da jariri ke yi ba da wahala ba ya gagari injin. Wannan gazawa ta koya wa Marr abin da ɗakin fiɗa bai koya masa ba: wanda ya tashi gina abu dole ya fayyace matsalar da abin zai warware. A 1973 ɗin ya rubuta wa malaminsa Brindley cewa ba ya sa ran sake rubuta irin maƙalolinsa na farko nan kusa. Ziyarar da aka shirya ta ɗan lokaci ta zama zama. A 1977 ya zama malami a sashen ilimin halayyar ɗan Adam na MIT, a 1980 kuma cikakken farfesa.

Matakai uku na bayani

Babban abin da ake tuna Marr da shi ya fara bayyana a wata takarda da suka rubuta a 1976 tare da Tomaso Poggio, ɗan Italiya da ke aiki a cibiyar Max Planck ta Tubingen a Jamus. Daga baya Marr ya daidaita shi zuwa matakai uku, waɗanda ya ce duk na'urar da ke sarrafa bayani, ta tsoka ce ko ta ƙarfe, sai an fahimce ta a kowannensu. Mataki na farko yana tambayar mene ne ake lissafawa, kuma don me. Na biyu yana tambayar da wace siffa aka wakilci bayanin, kuma waɗanne matakai ake bi daga abin da ya shiga zuwa abin da ya fita. Na uku yana tambayar a jikin me aka gina aikin.

Misalin da ya bayar shi ne injin lissafin kuɗi na kanti. A mataki na farko, abin da injin ke yi tarawa ne, kuma dokokin tarawa daga yanayin ciniki suka fito: wanda bai sayi komai ba ba ya biyan komai, jerin da aka bi wajen miƙa kaya ba ya sauya jimla, wanda ya sayi abu ya mayar kuma an koma babu. A mataki na biyu akwai zaɓi, domin lamba guda ana iya rubuta ta 37, ko XXXVII, ko 100101, kuma kowace siffa tana sauƙaƙa wani aiki ta wahalar da wani. Mu nan ba mu rasa misali ba. Ɗan kasuwa yana cewa dala 100, akawun banki yana rubuta sefa 500; kuɗin ɗaya ne, tarawar ɗaya ce, wakilcin ne ya bambanta, kuma wanda bai saba da dala ba sai ya tsaya ya ninka da biyar. A mataki na uku, ana iya yin tarawar da waya, ko da alli a allo, ko da ka.

A nan ne Marr ya juyo ga ilimin harshe. Ya ce nahawun Chomsky bayani ne na mataki na farko, domin yana fayyace abin da mai harshe ya sani game da ginin jimla, bai yi da'awar nuna matakan da ƙwaƙwalwa ke bi ba. Saboda haka masu sukarsa da cewa ba a iya juya dokokinsa a sa kwamfuta ta feɗe jimla da su, irin su Terry Winograd, sun cakuɗa mataki na farko da na biyu.

Mu gwada da Hausa. Muna cewa mota da motoci, kaza da kaji, sata da sace, fasa da fashe. A mataki na farko mai nazari zai ce akwai ganɗantawa: t da z da s suna komawa c da j da sh a gaban wasalin i ko e, zai kuma fayyace inda dokar ta tsaya, tunda muna da siminti da tikiti da ba ta taɓa ba. Da kalmar kwamfuta ta shigo, ba wanda ya kira taro kafin a ce kwamfutoci, wanda ke nuna sanin yana raye a kan masu harshen. A mataki na biyu tambayar ta sauya: shin mai magana yana ɗauko mota ne ya gina jam'inta nan take, ko motoci tana ajiye a rumbunsa cikakkiya, ko kuwa yana kwatanta sabuwar kalma da tsofaffi? Wannan ita ce muhawarar da ta tashi a kan shuɗaɗɗen lokaci na Ingilishi, tsakanin Rumelhart da McClelland a 1986 da kuma Pinker da Prince a 1988. A mataki na uku sai a tambayi waɗanne sassan ƙwaƙwalwa ke aiki a lokacin. Amsar ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya, kuma mai hoton ƙwaƙwalwa da bai san akwai ganɗantawa ba bai san abin da zai nema a hotonsa ba.

Aikinsa a kan gani

Marr ya gwada wannan hanya a kan gani. A wurinsa, aikin gani shi ne a tashi daga hoto shimfiɗaɗɗe da ke faɗawa a tantanin bayan ido, a kai ga sanin abin da ke duniya da inda yake. Matsalar ita ce hoto guda yana iya fitowa daga abubuwa mabambanta marasa iyaka, don haka dole ƙwaƙwalwa ta dogara da wasu halaye na duniya domin ta rage zaɓi.

Ganin zurfi ya nuna wannan a fili. Idan mutum ya miƙa yatsa ya rufe ido ɗaya, sannan ya sauya, zai ga yatsan ya yi tsalle. Daga wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa ke auna nisa, amma sai ta fara sanin wane ɗigo na idon dama ne abokin wane a idon hagu. Béla Julesz ya riga ya nuna a 1960 cewa mutane suna ganin zurfi ko a hotunan da ba komai cikinsu sai ɗige-ɗige barkatai. A 1976 Marr da Poggio suka nuna cewa ƙa'idoji biyu suna kai wa ga warware matsalar: kowane ɗigo wuri guda yake da shi a duniya, kuma fuskar abubuwa galibi a sulɓe take, ba ta yawan tsalle daga kusa zuwa nesa. Suka rubuta tsarin matakai bisa waɗannan ƙa'idoji, kwamfuta ta bi shi ta fitar da siffar da ke ɓoye cikin ɗige-ɗigen.

Tare da ɗalibarsa Ellen Hildreth ya fitar a 1980 da hanyar gano gefen abubuwa, inda ake dusashe hoto a ma'auni daban-daban sannan a nemi wuraren da haske ya sauya farat ɗaya. Tare da Keith Nishihara ya yi aiki a 1978 a kan yadda ake wakiltar siffar abu mai tsawo da faɗi da kauri. Ɗalibinsa Shimon Ullman ya nuna yadda ake gano siffa daga motsi. Daga waɗannan Marr ya tsara gani hawa-hawa: zanen farko na gefuna da layuka, sai zanen da ke nuna nisa da karkatar fuskoki daga inda mai kallo yake, sai cikakkiyar siffar da ba ta dogara da inda aka tsaya ba.

Ciwo da littafi

A watan Disamba 1977 likitoci suka gano yana da sankarar jini. Ya san lokacinsa ya taƙaita, sai ya fara rubuta littafin da ya yi niyyar jinkirtawa har binciken ya ƙara nuna. Ya ci gaba da aiki da ɗalibansa tsakanin zuwa asibiti da dawowa, ya rubuta gabatarwar littafin a 1979. Babin ƙarshe ya tsara shi a matsayin tattaunawa tsakaninsa da mai shakka, ya jero sukar da yake tsammani ya amsa, bisa hirarrakin da suka yi da Crick da Poggio. Ya rasu ranar 17 ga Nuwamba 1980 a Kambirij ta jihar Massachusetts. Ɗalibansa da abokan aikinsa suka kammala shirya littafin, ya fito a 1982 da sunan Vision, wato Gani, aka sake buga shi a 2010. Matarsa, masaniyar ƙwaƙwalwa Lucia Vaina, ta tattara zaɓaɓɓun maƙalolinsa ta wallafa a 1991. Tun daga 1987 babban taron duniya na masu koya wa kwamfuta gani yake ba da kyauta da sunansa.

Suka da gado

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya ba. Masana da dama sun ce ya wuce gona da iri wajen raba matakan, domin irin kayan da aka gina ƙwaƙwalwa da su suna iyakance irin lissafin da za ta iya. Hawa na ƙarshe na tsarinsa na gani bai sami hujja mai ƙarfi kamar na farko ba. Poggio da kansa ya ce daga baya ya kamata a ƙara koyo a cikin matakan. Tun daga 2012 kuma, na'urori masu koyo daga miliyoyin misalai sun yi zarra wajen gane hoto, daga baya har da sarrafa harshe, ba tare da an fara fayyace musu matsalar yadda Marr ya so ba. Sai dai wannan nasara ta dawo da tambayarsa da ƙarfi, domin yanzu ga na'urar da maginanta suka san kowace mahaɗa a cikinta, amma suna fama wajen faɗin abin da ta sani.

Kammalawa

Fagen da Marr ya taimaka wajen kafawa yana da cibiyoyinsa a yau, irin su sashen Gatsby da aka buɗe a Landan a 1998, da cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da tunani a Nijmegen ta ƙasar Holan, da NeuroSpin kusa da Paris. Irin waɗannan wurare suna ɗaukar masu bincike na bayan digirin dokta daga fannoni daban-daban, kamar yadda MIT ta karɓi masanin lissafi da ya zo daga nazarin ƙaramar ƙwaƙwalwa. Rayuwarsa ta nuna amfanin waɗannan shekaru: lokaci ne da mai bincike ke da sauran damar duba aikinsa na baya, ya yarda bai amsa tambayar ba, ya koyi sabon kayan aiki.

Ga ɗalibin kimiyyar harshe a Yamai ko Damagaram, akwai wani abu kuma. Mataki na uku yana bukatar injuna masu tsada da ba mu da su. Mataki na farko yana bukatar kunne, da alƙalami, da masu harshe, da haƙurin fayyace doka har a san iyakarta. Karin sautin Hausar Tawa, da jam'in Hausar Maraɗi, da tsawon wasali a bakin yaran da ke koyon magana, duk suna jiran irin wannan bayani, kuma duk mai son ya binciki yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa Hausa zai bukace shi kafin ya kunna injinsa.